'Yar Tsana Ba Ta Cewa A'a

Yau kam sai ku yi haƙuri da ni, ba labarin soyayya na kawo muku ba, faɗa na zo yi kuma da niyya. Waɗanda zan yi faɗan da su su ne mutanen nan, mazansu da matansu, da suka ci ɗamarar raba 'ya'yanmu mata da wasa. Su ne za ki ji suna cewa bikin 'yar tsana koya wa yara son aure ne tun ba su san kansu ba, tashe rashin kunya ne, littattafanmu kuwa ai su suka gama lalata tarbiyya. Amma ranar kasuwa, a Yalwa ko Wara ko nan Shanga, su ɗin dai za ki tarar a sahun gaba suna ƙyaƙyata dariya an saki biri ya riƙe zanen 'yar talla. To don Allah tsakanin wasannin nan biyu wanne ne ya cancanci a yi masa wa'azi?

Bari mu fara da na kasuwar tunda shi ne ba mai tsawata masa. Duk wadda ta taɓa cin kasuwa a ƙasar Yawuri ta san yadda abin yake. Ganga za ki fara ji, yara su ruga, kafin ki ankara an buɗe fili. Ga gardi ya sha warki da layu da guraye har damtse, riƙe da sarƙa, ga kura da takunkumi a baki tana dalalar da miyau. Ga mai maciji da akwatinsa, ga gwaggon biri an sa masa 'yar riga kamar mai shirin zuwa makaranta. Wani lokaci har da 'yan tauri, ko 'yan hoto masu cilla garma sama su tare ta da ƙirji. Ni ban raina sana'ar kowa ba, akwai gwaninta a ciki, akwai gado, kuma da ita suke tallar maganinsu su ci da iyalinsu.

Inda nake da magana shi ne lokacin da wasa ya fara sanyi kuɗi suka daina faɗowa. A nan ne ake neman abin da zai tayar da dariya, kuma ban taɓa ganin an neme shi a jikin mai rawani ko mai kaki ba. Sai a hango yarinya da farantin gyaɗa ko soyayyen kifi a ka, a yi wa biri ishara, ya je ya cafke mata zane ko ya fizge mayafi, ba zai saki ba sai ta ajiye wani abu daga cikin cinikin uwarta. Ko mai dabo ya jawo ta tsakiyar fili ya ce zai ciro ƙwai daga cikin rigarta. Tana kuka ana tafi. In ta buɗe baki ta yi tsiwa a ce wannan ba ta san wasa ba. Can gefe kuma mai maganin maza ya ɗauki lasifika yana zayyana gaɓoɓin mace ɗaya bayan ɗaya, a gaban uwa da ɗanta, a gaban suruki da surukarsa, ba wanda ya ce uffan. Yaro ɗan shekara goma da ke tsaye a wurin kuwa ya tafi gida da karatun da ba a allo ya same shi ba, ya gane cewa idan mace ta ce a'a, a'ar tata ita ce daɗin wasan.

Akwai wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, da ya bi wata tawagar gardawan kura 'yan Arewa a 2005 da 2007, hotunan suka zaga duniya. A cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar yarinya tare da kurar. Shi da kansa ya ce Turawa in sun ga hotunan lafiyar dabbobin suke tambaya. Ni kuwa da na gan su a waya yarinyar na tsaya kallo, ina cewa a raina ko akwai wanda ya taɓa tambayarta tana so ko ba ta so.

To mu dawo cikin gida, ga wasan da ake tsangwama. Wace ce a cikinmu ba ta yi bikin 'yar tsana ba? Mu a zamaninmu ba ta roba muke jira ba, ƙashin ƙafar akuya ne ko karan dawa, a yi mata kitso da baƙin zare, a je wajen tela a roƙo ƙyalle a ɗaura mata zane da kallabi. Gwangwanin madara shi ne tukunya, murfin kwalba shi ne faranti, akwatin ashana shi ne akwatin lefe. Wannan ta zama uwar amarya, waccan uwar ango, a aiko da kayan na-gani-ina-so, a tsayar da sadaki da fasassun tangaran, a sa lalle, a yi jere, a dafa 'yar shinkafa ta gaske in an dace uwa ta ba da, a kai amarya ana guɗa, har da gara. Wallahi babu abin da manya ke yi wanda yara ba su kwashe ba, har gulmar da ake yi wa kayan ɗaki.

Mai cewa wannan haramun ne ya koma makaranta. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), ƙawayenta suna zuwa taya ta, in ya shigo su ɓuya shi kuma ya turo mata su su ci gaba. Abu Dawuda ma ya kawo cewa a cikin kayan wasan nata har da doki mai fukafukai na tsumma, da ya tambaye ta ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Fiyayyen halitta ya tsaya ya tambayi yarinya labarin abin wasanta, ya saurari amsarta. Kai kuma Malam wane, da ka shigo gida ka ga 'yar tsana sai ka sa ƙafa ka yi ƙwallo da ita.

Amma fa ni ma ina da tawa ƙorafin a kan wasan nan, kuma ba irin tasu ba ce. Ki zauna ki kalli yara suna bikin nan daga farko har ƙarshe. Za a tambayi uwar amarya, za a tambayi dangin ango, za a yi ciniki a kan sadaki, za a yi rigima a kan yawan turamen zane. Mutum ɗaya ce ba za a taɓa tambaya ba, ita ce amaryar. Tana can jingine da bango an lulluɓe ta. Za ki ce to ai ƙashi ce, yaya za ta yi magana? Haba 'yar uwa, yaran nan fa suna yi wa tukunya murya, suna yi wa ango murya, suna yi wa jaririn da ba a haifa ba kuka. Da sun taɓa ganin an tambayi amarya a gidan ubansu da sun yi mata murya ita ma. Abin da suka gani suke kwaikwaya, kuma sun kwaikwaya daidai.

Ku duba al'adarmu ta biki da idon basira ku ga abin da ya daɗe yana ci mini rai. Hanya uku ce yarinya mai kunya take da ita ta nuna ba ta son abu: ko ta gudu, ko ta yi kuka, ko ta ƙi magana. To duka ukun mun mayar da su shagalin biki. Amarya ta gudu ta ɓuya gidan ƙawarta, a bi sawu a kamo ta a fesa mata turare, sunan abin ma kamu. Amarya ta yi kuka ranar da za a kai ta, gwaggonni su ce madalla ɗiyar kirki, wadda ba ta yi ba ma ita ake zagi a ce idonta a tsaye yake. Amarya ta yi gum da bakinta a ɗakin miji, sai abokan ango su zo su ajiye kuɗi da alewa, wai sayen baki. Ku ji fa, sayen baki! Bakin da ba a nemi jin ta bakinsa ba lokacin da maganarsa take da amfani, sai bayan an shafa fatiha an watse za a zo a saye shi da 'yan canji. To ta yaya uwa za ta bambance kukan al'ada da kukan wadda zuciyarta ke ƙuna? Wadda take son mijinta ta gudu, ta yi kuka, ta yi shiru. Wadda take jin gara mutuwa da shi ita ma ta gudu, ta yi kuka, ta yi shiru. Mun ɗinka wa 'ya'yanmu riga ɗaya, mai so da marar so duk ita za su sa, sa'an nan in abu ya lalace mu tafa hannu mu ce ai ba ta faɗa ba.

Na san abin da za a jefe ni da shi. Za a ce shirun budurwa ai shi ne yardarta, haka ya zo a hadisi. Gaskiya ne. Amma hadisin da neman izininta ya fara, shirun amsa ce ga tambayar da aka yi. Wadda ba a tambaya ba shirun me ta yi? Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa an so ma a sanar da ita tun farko cewa in ta yi shiru za a ɗauka ta yarda, don kada a ci da rashin saninta. Gidaje nawa ake yin haka? Kuma Khansa'u 'yar Khizamu, wadda ta taɓa aure, da ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), bai ce mata marar kunya ba, warware auren ya yi.

Za a kuma ce a mazhabarmu ta Malikiyya uba yana da ikon aurar da ɗiyarsa budurwa ko ba da izininta ba, wanda malamai ke kira ijbari. Yana cikin Risala, ban musa ba, ni ba malama ba ce balle in yi jayayya da magabata. Sai dai waɗanda suka ba uba wannan iko sun ɗora shi ne a kan tausayin da aka san uba da shi, sun so ya shawarce ta, kuma ba su yarda ya tilasta mata wanda zai cutar da ita ba. Har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar nan ta yanke hukunci a 1985 cewa uban da ya riga ya ba ɗiyarsa zaɓi tsakanin manemanta ba shi da damar dawowa daga baya ya ce zai tilasta. Ikon da aka ba ka don ka tsare ta, Baba, ba a ba ka shi don ka biya bashi da ita ba, ko don ka faranta wa abokin cinikinka na kasuwar albasa. A 1987, lokacin mu ma muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a yanke Kebbi a 1991, jaridu sun cika da labarin wata yarinya ta wannan jiha da aka yi wa miji tana shekara tara, aka kai ta tana sha biyu. Ta gudu, aka mayar da ita, ta sake gudu, aka sake mayarwa, ƙarshe mijin ya sare mata ƙafafu don kada ta ƙara, ta rasu a asibiti. Yarinyar nan ta faɗi a'arta da ƙafafunta iyakar ƙarfinta. Waɗanda suka riƙa mayar da ita na tabbata cewa suke yi ƙuruciya ce, za ta saba.

Sai kuma a kawo mini karin maganar nan ta abin da babba ya hango. To mu a nan bakin ruwa mun san wannan magana ciki da waje. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, manya ne suka hango, suka ce ƙasa na bukatar lantarki, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga gungunansu da garuruwansu aka kai su gidajen da wasu suka zana suka gina. Har yau in kin zauna da tsofaffin Gungawa za ki ji yadda suke ambaton tsohon mazauninsu da ruwa ya ci, da gonakinsu, da kushewar iyayensu. Kaka, kai da ka san zafin a ɗauke ka daga inda ka saba a ajiye ka inda ba kai ka zaɓa ba, yaya aka yi hannunka bai yi rawa ba ranar da ka sa jikarka a kwalekwale aka haye da ita gidan mutumin da ba ta taɓa yi wa magana ba?

Kuma ba mu manta ranar 17 ga Yuni 2021 ba, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai. 'Yan mata 11 da suka rage a hannunsu ba su ga gida ba sai a 2023, wasunsu da goyo. Duk ƙasar nan ba wanda bai zubar da hawaye ba, kuma da aka ji an ce wai an ɗaura musu aure a daji ba wanda ya kira wannan aure. A'uzubillahi in haɗa uba mahaifi da ɗan ta'adda, ba abin da nake nufi ke nan ba. Abin da nake so mu lura shi ne a wannan karon kowa ya gane, har masu taurin kai, cewa sadaki da shaidu ba sa wanke abin da aka yi wa mace da ƙarfi.

Yanzu ku ga dalilin da ya sa nake kare wasan yara da haƙorana. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta haɗa ido da babba, kada ta faɗi sunan miji, kada ta ce tana so balle ba ta so, ina za ta koyi buɗe baki? A wasa ne kaɗai. Ku tuna tashen Mairama da Daudu da muke yi in azumi ya kai goma. Yarinya ta zura babbar rigar ubanta ta kafa hula, ta zama maigida na dare ɗaya. Wai an shirya shi ne don a koya wa Mairama ladabin zama da miji, amma ku tuna inda dariyar take, ai a wajen Daudu take: yadda yake gyaran murya a zaure, yadda yake ƙirga kuɗin cefane sau uku, yadda yake hura hanci. Maigida na zaune a tabarma yana kallon kansa a jikin 'yar shekara tara, ya yi dariyar yaƙe ya miƙa sadaka. A duk shekara wannan ne daren da ɗiya mace ke gaya wa namiji yadda take ganinsa ba a mare ta ba. Shi ne kuma ake son kashewa. A azumin 2025 'yan sanda a Kano sun hana tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Na ji uzurinsu, tsaro ba abin wasa ba ne, mu nan mun fi kowa sani. Amma masu wuƙa daban, 'yan mata masu ƙwarya da ludayi daban, kuma da yawa daga masu murna da hanin ba wayar kowa ce ta dame su ba, dama can haushin wasan suke ji.

Haka aka yi wa littattafanmu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990 a kan wannan ciwo, aka yi ta surutu. A 2007 har taron ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, wai an ƙwato su daga hannun 'yan makaranta. Ban ce duk abin da aka buga mai kyau ne ba, akwai shirme, ni ma akwai waɗanda ba zan bar ɗiyata ta karanta ba. Amma ban taɓa jin an tara lasifikan masu maganin maza an cinna musu wuta ba.

Wani abin takaicin, abin da muke wulaƙantawa wasu sun mayar da shi sana'a mai daraja. Tun wajen 1980 a Faransa ake wani irin wasan kwaikwayo da kayan gida zalla, babban mutum ya tsaya gaban tebur ya ba da labari da cokali da kofi da takalmi, manya su biya kuɗi su kalla. A Gini Konakiri akwai ƙungiyar masu tsalle da alkafura mai suna Circus Baobab, tun 1998 take, ba kura ba biri, jikinsu kawai, kuma wasansu mai suna Yongoyély a kan kaciyar mata da 'yancin mace ya tsaya, mata ne a gaba a cikinsa. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Masu dabon da, a ƙasar Hausa da Barno, sukan kafa sanda su lulluɓa babbar riga su shige ciki, su riƙa fito da 'yan mutum-mutumi ta wuyan rigar suna yi musu murya, tun 1935 wani Bature ya rubuta labarin wanda ya kalla a Barno. Hikimar a bayyane take. Abin da baki ke jin nauyin faɗa, in aka ɗora wa tsumma sai ya fita salin-alin, wanda aka yi domin shi ya ji, kuma ba wanda zai ce an ci masa fuska.

Don haka ke uwa, maimakon ki kori yara da tsintsiya, jawo kujera ki zauna kusa da su kina tsince shinkafarki. In an zo ɗaurin aure ki ce tsaya, ni ce gwaggon amarya, ba a ɗaura ba sai na ji ta bakinta. Ki ɗauki 'yar tsanar ki tambaye ta, ke wance kina son wane? Sa'an nan ki yi shiru ki ji muryar da ɗiyarki za ta yi mata. Na gwada wannan da 'ya'yan maƙwabta, da fari suka yi ta dariya suna cewa Inna ai amarya ba ta magana. Da na nace sai wata 'yar shekara takwas ta maƙale murya ta ce ba ta son shi, tsoho ne, kuma yana dukan matarsa. Duk tsakar gidan muka san gidan da take nufi, ita ma uwarta da ke bakin murhu ta sani. In kuma kika ji 'yar tsana ta ce wani yana taɓa ta a hanyar talla ko a shagon da ake aiken ta, to ajiye shinkafar nan, ba 'yar tsana ce ke magana ba.

Su kuma sarakunan kasuwa da masu unguwanni, ba mu ce a hana gardi neman abincinsa ba. A gaya masa dai sharaɗin fili: birinsa da hannunsa su tsaya a kan wanda ya shigo da ƙafarsa ya ce a yi da shi, kuma a rage wa lasifika batsa. Wanda ya iya karɓar kuɗin rumfa a wurin mai tallar kuka da daddawa ba zai gaza faɗin wannan ba.

Masu shirya Rigata a Yawuri kuma ga roƙona. Kowace shekarar da aka yi, maza ne a ruwa suna tseren jirage, maza ne a fili, mu namu kallo da guɗa. A ware mana rumfa ɗaya ta mata zalla, a kewaye ta da zana, 'yan matan Shanga da Ngaski da Yawuri su zo da 'yan tsanarsu da ƙorensu da muciyoyinsu su yi mana bikin da amarya ke amsa tambaya, iyaye mata da kakanni su zauna su kalla. Kuɗin zanar ma ba sai an ba mu ba, kwasar adashi ɗaya ta isa.